Ranganathan, Malamin Lissafin da Ya Sauya Zaman Littattafai a Kanta

A farkon shekarar 1924 Jami'ar Madras da ke kudancin Indiya ta naɗa wa ɗakin karatunta shugaba na farko, sai ga shi wanda ta ɗauka bai taɓa koyon aikin ba. Shiyali Ramamrita Ranganathan malamin lissafi ne, haifaffen 1892 a garin Shiyali. Ya koyar a Mangalore da Coimbatore da kuma Kwalejin Presidency ta Madras. Bai daɗe a sabuwar kujerar ba kaɗaici ya ishe shi, don ya saba da hayaniyar ɗalibai, ga shi kuma ya tarar da ɗaki shiru, masu shigowa jefi-jefi. Ya nemi a mayar da shi aji. Aka lallashe shi ya fara zuwa Ingila ya ga yadda ake aikin, in ya dawo bai gamsu ba, allo da alli na jiransa.

A Landan ya shiga makarantar koyon aikin laburare ta University College, inda ya yi karatu a hannun W. C. Berwick Sayers, shugaban ɗakunan karatu na Croydon. Ya zagaya ɗakunan karatu da dama na ƙasar, ya ga talaka yana shiga ya zaɓi littafi da hannunsa. A gida kuwa littattafai na kulle, sai ka cike takarda ka jira. Ya koma Madras a 1925, maganar komawa aji kuma ta bi ruwa.

Abin da ya fara yi shi ne buɗe kantoci ga masu karatu da tsawaita lokutan aiki. A 1928 yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Laburare ta Madras, a 1931 kuma ya ƙaddamar da laburaren tafi-da-gidanka a kan amalanken shanu kusa da Mannargudi. A wannan shekarar ce ya fitar da The Five Laws of Library Science, littafin da ya sa sunansa a bakin duk ɗalibin fannin, har da na sashen da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Zariya a 1968. Dokokin biyar gajeru ne ƙwarai, har wani kan raina su. Gundarinsu shi ne an yi littafi don a karanta, aikin ma'aikaci shi ne haɗa shi da mai bukatarsa, lokacin mai karatu amana ne, laburare kuma ba ya daina girma. A zamanin da ake auna ƙwazon ma'aikaci da yawan littattafan da bai bari sun ɓata ba, wannan magana tsokana ce.

Amma a ganina babban aikinsa ya zo ne a 1933, kuma shi ne wanda mutane suka fi jahilta.

Tun 1876 akwai tsarin rarraba littattafai na Melvil Dewey na Amurka, wanda ya raba ilimi gida goma, kowane gida ya sake rabuwa goma, a haka har ƙasa. Tsari ne mai sauƙi, sai dai kamar gidan haya yake wanda aka gama yanka ɗakunansa tun kafin a san masu shiga. Dubi gidan addini, wato 200: daga 220 zuwa 280 duk na Baibul ne da Kiristanci, Musulunci baki ɗayansa an cusa shi a 297, addinin Hindu kuma a 294.5. Ga Bahindiye mai ɗawainiya da littattafan falsafar ƙasarsa, wannan matsi ba wasa ba ne. Matsala ta biyu ta fi zurfi: littafi ɗaya yakan haɗa batutuwa da yawa. Ɗauki wanda ke bayani kan maganin cutar shinkafa a Bengal a shekarun 1940. A noma za a sa shi, ko a cututtukan tsirrai, ko a tarihin yankin?

Ranganathan ya ba da labarin cewa a kantin Selfridges na Landan ya ga Meccano, kayan wasan yara na ƴan ƙarafa da kusoshi waɗanda ake harhaɗawa a yi mota yau, gobe a warware a yi gada. Daga nan tunanin ya zo masa: maimakon a tanadi lamba ga kowane batu tun kafin a rubuta shi, a wargaza batun littafi gunduwa-gunduwa, a ba kowace gunduwa alamarta, sannan a haɗa. Da alamar ruwa biyu yake haɗa su, shi ya sa tsarin, wanda ya fitar a 1933, ya ci sunan Colon Classification. A bugu na huɗu, na 1952, ya tsayar da fuskoki biyar: ainihin abin da ake magana a kai, abin da ya ƙunsa, aikin da ake yi masa, wuri, da lokaci. Littafin shinkafar nan sai ya sami lambar da ke ɗauke da shinkafa da cuta da magani da Bengal da shekarun, duka a jere. Hannun mai lissafi ya fito fili a nan, haka ma a Prolegomena to Library Classification na 1937, inda ya shimfiɗa ƙa'idojin tamkar mai warware darasin aljabara.

Sauran rayuwarsa ginin cibiyoyi ne. Ya yi aiki a Jami'ar Hindu ta Banaras daga 1945, sannan Jami'ar Delhi daga 1947. Yana da hannu dumu-dumu a dokar laburaren jama'a ta Madras ta 1948, irinta ta farko a Indiya. A 1957 gwamnati ta ba shi lambar Padma Shri, a 1962 ya kafa cibiyar bincike da horo kan adana bayanai a Bangalore, a 1965 aka naɗa shi farfesan bincike na ƙasa. A Bangalore ya rasu ranar 27 ga Satumba, 1972. Indiya na bikin ranar ma'aikatan laburare kowace 12 ga Agusta don tunawa da shi.

A faɗi gaskiya, tsarin nasa bai ci kasuwa ba. Lambobinsa dogaye ne, cike da waƙafi da ɗigo, mai jera littattafai a kanta yana shan wuya da su, kuma yawan sauye-sauye daga bugu zuwa bugu ya gajiyar da masu bin sa. Bugu na bakwai sai 1987 ya fito, bayan rasuwarsa da shekara 15. Ko a Indiya ɗakunan karatu da yawa Dewey suke bi.

Dabarar ce ta tsallake. A 1952 wasu masana a Landan, cikinsu da Brian Vickery da Douglas Foskett da Jack Mills, suka kafa ƙungiyar binciken rarraba ilimi, suka ɗora aikinsu a kan fuskokin Ranganathan. Mills ya sake gina wani tsarin rarraba littattafai mai suna Bliss a kan wannan tubali, aka fara buga shi a 1977. Daga hannun irin waɗannan masana tunanin ya shiga harkar taskar bayanai ta kwamfuta. Yau mai neman takalmi a kasuwar intanet yakan tace kaya da launi da girma da farashi da kamfani, ya haɗa su yadda ya ga dama, kuma masu ƙera irin waɗannan shafuka kan ambaci sunan Ranganathan idan suna koyar da sababbin hannu.