Motsa jiki da ƙarfin tsoka ga dattawa masu ɗauke da ƙwayar cutar sida

Tun daga 1996, da aka fara haɗa magungunan ARV kala uku, masu ɗauke da ƙwayar cutar sida suna daɗewa a duniya, har da yawansu sun haura shekara 50. Sai dai ƙarfin tsokarsu kan ragu da wuri fiye da na tsararrakinsu. Alamominsa su ne wahalar tashi daga tabarma, sanyin tafiya da yawan faɗuwa.

Dalilan sun haɗa da tsufa, da kumburin cikin jiki da ƙwayar cutar ke haddasawa ko da magani ya danne ta, da ƙarancin abinci mai gina jiki, da yawan zama. Tsofaffin magunguna irin su AZT su ma sun raunana tsokar wasu da suka daɗe suna shan su.

Magani yana danne ƙwayar cuta, amma tsoka ba ta ƙarfi sai an ɗora mata nauyi. A ƙa'idojinta na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci masu ɗauke da wannan ƙwaya. Ta ba da shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Waɗanda suka kai shekara 65 su ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana 3, don rigakafin faɗuwa. Bincike ya nuna hakan ba ya rage ƙwayoyin CD4, ba ya kuma ƙara yawan ƙwayar cutar a jini.

Tafiyar ƙasa tana da amfani ga zuciya, amma ita kaɗai ba ta wadatar ba. A gida ana iya tashi da zama a kujera ba tare da dafawa ba, ko tura bango da hannuwa, ko ɗaga jarka mai ruwa kaɗan, kowanne sau 8 zuwa 12. In ya zama da sauƙi, sai a ƙara ruwan. A zaɓi sanyin safiya ko yamma, a kuma riƙa cin wake, gyaɗa, ƙwai, nono ko kifi.

Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya tuntuɓi likita kafin ya fara. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya dakata nan take. Atisaye ba ya maye gurbin shan ARV kullum.