Wa ke sa ido kan tallace-tallacen intanet a Najeriya?

A Najeriya doka ba ta yarda a fitar da talla ga jama'a ba sai hukuma ta tantance shi, ko a rediyo ne, ko a jarida, ko kuwa a intanet.

Sai dai a yankunan noman rani irin su Kadawa, a ƙaramar hukumar Garun Mallam ta jihar Kano, tallan iri da taki da maganin feshi kan iske manomi ta wayar salula ba tare da ya bi ta ofishin kowa ba.

Daga APCON zuwa ARCON

A shekarar 1988 ne gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar APCON domin kula da sana'ar talla.

A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan wata sabuwar doka, wadda ta maye gurbin APCON da hukumar ARCON, ta kuma tanadi kotu ta musamman domin hukunta masu laifin talla.

A watan Oktoban shekarar ARCON ta kai ƙarar kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, gaban babbar kotun tarayya a Abuja, tana neman naira miliyan dubu 30 bisa zargin nuna wa 'yan Najeriya tallace-tallacen da ba a tantance ba.

Hukumar ta janye ƙarar a 2024.

Ta kuma umarci masu ɗimbin mabiya a shafukan sada zumunta, har da 'yan barkwanci, da su nemi izini kafin su tallata hajar wani.

Abin da ya shafi manomi

Kadawa da Kura da Bunkure na cikin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga, kuma tumatir na cikin manyan abubuwan da ake nomawa.

A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, ta cinye gonakin tumatir, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki saboda rashin kaya.

Ita dai wannan tsutsa tana ɓuya ne a cikin ganye, kuma takan saba da magani da wuri. Saboda haka duk tallan da ya yi alƙawarin kawar da ita da feshi ɗaya abin tuhuma ne, amma manomin da ke kallon gonarsa na bushewa da wuya ya tsaya dogon bincike.

Jabun iri kuwa ya fi wannan illa, domin ba a gane shi sai bayan makonni, lokacin da kuɗin taki da na ƙwadago sun riga sun tafi, lokacin dashe kuma ya wuce.

Hukumar NAFDAC ce ke yi wa magungunan feshi rajista, kuma lambarta kan fito a jikin kwalba. Ita kuwa hukumar kula da ingancin iri, NASC, ta ɓullo da lambar sirri da ake kankarewa a jikin leda, a tura ta saƙon waya domin a tabbatar da sahihancin irin.

Inda gizo ke saƙa

An tsara tantancewar ARCON ne domin kamfanonin da ke da rajista da adireshi.

Tallan da ke yawo a ƙauyuka kuwa galibi saƙon murya ne da Hausa, ko ɗan gajeren bidiyo a TikTok, wanda ake turawa daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan, kuma lambar waya kaɗai ce shaidar mai kayan.

Wanda aka cuta na iya kai kuka ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, amma akan buƙaci rasit ko wata shaidar ciniki, abin da ba kasafai ake bayarwa a irin wannan saye ba.