KUSURWAR BANGO A TARIHIN GININ ƘASAR KAZAURE

Duk wanda ya lura da kangayen da ke cikin tsofaffin unguwannin Kazaure zai ga cewa bango yakan soma rabuwa ne daga kusurwa. Dalili kuwa shi ne, nan bango biyu suke haɗuwa, kowanne yana ja nasa wajen in ƙasa ta jiƙa ta bushe. Abin da nake so in duba shi ne yadda maginanmu na dā suka yi da wannan wuri.

Da fari dai, talaka a ƙauyukan Gwiwa kago yake yi, watau ɗaki zagayayye mai jinka, wanda ba shi da kusurwa balle ta tsage. Soro da shigifa masu kusurwa huɗu na sarakuna ne da attajirai da malamai. A ganina irin wannan gini ya daɗa yaɗuwa a nan bayan da Ɗantunku ya kafa sarautar Kazaure wajen 1819, ɗansa Dambo kuma ya gaje shi a 1824, domin sarauta ba ta zama sai da zaure da soraye.

To, tubalinmu ba irin na Turawa ba ne. Mulmulalle ne, gindi da faɗi, kai da tsini, ana jera shi a tsaye a cike tsakani da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa. Saboda haka ba ya sarƙewa da ɗan'uwansa a kusurwa yadda bulo yake yi. Sai magina suka nemi ƙarfin ta wata hanya. Sukan yi gindin bango da kauri ƙwarai, yana tashi yana sirancewa, har ka ga kamar bangon ya jingina ciki. Ba a kuma ɗaga gefe ɗaya a bar ɗaya. A kan zagaye ɗakin ne sahu-sahu, a bari ya sha iska kafin a ɗora. In an kai sama sai a gitta azara a kan kusurwa, ta kama bangon nan biyu kamar hannu, ta kuma rage faɗin da rufi zai tsallake. Azarar giginya ce, gara ba ta cika cinta ba. Wanda ya ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina zamanin Sarki Abdulkarimu (1834-1846), ya san iyakar abin da azara da ƙasa za su iya ɗauka.

Sa'an nan ga zanko. Mutane da yawa sun ɗauka ado ne kawai. Ni dai ban yarda ba, domin nauyinsa yana danne kusurwa, kuma shi ruwa yake fara ci kafin ya kai ga bango. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi bukatar makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso na katsin marina.

Siminti da kwano sun shigo zamanin Turawa, suka bazu bayan 1970 da kuɗin man fetur. Bulo yana sarƙewa sosai in an haɗa shi hawa-hawa, amma sau da yawa za ka tarar an manna sabon ɗaki na bulo a jikin tsohon bangon ƙasa ba tare da ɗauri ba. Ƙasa tana kumbura da damina, siminti ba ya yi, sai tsaga ta bi layin mannin tun daga indararo har gindi. Ko a Roni, inda dutse yake ko'ina ana kuma iya sa shi a harsashi, ana ganin irin wannan tsagar, kuma ruwan Agusta ta nan yake shiga.