Yakutu da Tsakiya: Duwatsun Ado a Tarihin Katsina

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna cewa duwatsu masu daraja sun shigo Katsina ta hanya biyu, watau hanyar littafi da hanyar ayari, kuma abin da kowacce ta kawo daban ne.

Bari mu fara da yakutu. Kalmar ta Larabci ce, ta kuwa zo cikin Suratur Rahman, aya ta 58, tare da murjani, saboda haka almajiri yakan san sunan tun bai taɓa ganin dutsen ba. A wajen malaman Larabawa yakutu jinsi ɗaya ne mai launuka, akwai ja, akwai rawaya, akwai shuɗi, wanda Turawa ke kira safaya. Albiruni ya yi bayaninsa cikin Kitabul Jamahir a ƙarni na 11, haka ma Attifashi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1253, cikin Azharul Afkar. Duka biyu sun ambaci tsibirin Sarandib, watau Sirilanka ta yau, a matsayin babbar mahaƙarsa. Mutanen wancan zamani sun ɗauka cewa mai sanye da shi ya tsira daga annoba. Wannan camfi ne, amma haɗa ja da shuɗi cikin jinsi ɗaya gaskiya ne, domin binciken zamani ya tabbatar ma'adini guda ne, ɗan gaurayen ƙarfe ne kawai ke sauya launin. A ma'aunin tauri na Mohs lambarsa 9, daimon kuwa 10.

To, wannan ke nan a littafi. Abin da ayari ya sauke kuwa, shaidarsa tana Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani. Palmer ya fara tona kusheyin a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake tonawa a 1992 ƙarƙashin jagorancin Dierk Lange, aka kuma yi nazarin kayan a Mainz ta ƙasar Jamus. Kaburburan na tsakanin ƙarni na 13 ne da na 16. An sami zinariya da hauren giwa da wuri da mundayen tagulla da tasar ƙarfe ta Gabas ta Tsakiya, kana da duwatsun wuya na gilashi da na jan dutsen nan da Larabawa ke kira aƙiƙ, mu kuma muke kira tsakiya. Ashe ke nan manyan ƙasar nan da jan dutse suka yi ado.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Shuɗin yakutu kaɗan ne, kuma taurinsa ya sa huda shi aiki ne ja, sai ya maƙale a taskokin sarakunan Indiya da Farisa da Masar. Tsakiya kuwa ana fere ta da yawa a garin Kambay na Gujarat, tana huduwa, tana jure tafiyar raƙumi, ba ta tsatsa. A ƙarni na 19 masu sassaƙa na Idar-Oberstein a Jamus suka shiga cinikin da dutsen Barazil wanda suke rinawa. A daidai lokacin nan ne kasuwar Katsina ta ja baya bayan Jihadi, fatake suka koma Kano, kamar yadda Barth ya lura da ya zo a 1851.

Abin mamaki shi ne, dutsen da malamanmu suka karanta cewa sai Sarandib, yana nan cikin ƙasar Nijeriya. An haƙi shuɗin yakutu a yankin Jama'a na Jihar Kaduna cikin shekarun 1980, na tsaunin Mambila kuma ya yi suna a kasuwannin duniya wajen 2014.

A ƙarshe muna jan hankalin 'yan'uwa manazarta ga tsakiya da murjanin da suka rage a adudun tsofaffi. Ga macen Bahaushe waɗannan dukiya ce, takan jinginar ranar matsi, ta bar wa 'yarta gado. Duk tsakiyar da dillali ya saya ya fitar, ta tafi da labarinta. Ya kamata a bi gidajen birni a ɗauki hotunansu, a rubuta sunayensu da asalinsu daga bakin masu su, tun suna da rai.