Kiyaye Lokacin Sigina da Zaɓen Allo wajen Sarrafa Zirin Fitilun WS2812B

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin yadda ƙananan allunan maikirokwantirola ke aika bayanan launi zuwa zirin fitilun WS2812B na kamfanin Worldsemi da ke ƙasar Sin. An ɗauki alƙaluman masana'antun fitilar da na ATmega328P, ESP32 da RP2040, aka yi lissafi a kansu. Sakamakon ya nuna cewa saurin allo ba shi ne ma'aunin dacewarsa ba. Ma'aunin shi ne ko yana da sashen da zai ɗauke wa ƙwaƙwalwarsa nauyin kiyaye lokaci.

1. Gabatarwa

Kowace fitila a zirin tana da ɗan da'irar sarrafawa a cikinta. Idan bayanai suka shigo, ta farko takan riƙe bit 24 na farko, takwas na kore, takwas na ja, takwas na shuɗi, ta miƙa sauran ga ta gaba. Waya ɗaya tak ke ɗaukar wannan duka, babu wayar agogo. Saboda haka tsawon lokacin da wuta ta yi a sama shi ke bambanta 0 da 1, kuma a nan duk wahalar take.

2. Tsarin sigina

Bit ɗaya yana cin maikirosakan 1.25. Ga 0, wuta kan tsaya a sama na kimanin 0.4, ga 1 kuwa, na 0.8. Kuskuren da aka lamunta bai wuce 0.15 ba. Ke nan fitila ɗaya tana cin maikirosakan 30, zirin mita biyar mai fitila 300 kuma milisakan 9. In layin ya yi shiru fiye da maikirosakan 50, fitilun sukan ɗauka saƙo ya ƙare, su nuna launin da suka riƙe. Sababbin samfura suna neman shirun da ya kai 280, abin da kan sa tsohuwar manhaja ta rikice a kan sabon ziri.

3. Lissafi a kan ATmega328P

Wannan ita ce ƙwaƙwalwar Arduino Uno, tana gudu a megahaz 16. Bugun agogonta 20 kacal ke cikin bit guda. Ba ta da sashe na musamman don wannan aiki, don haka manhajoji irin su NeoPixel ta Adafruit sukan ƙirga bugun da kansu, su toshe duk wani kiran katsalandan har saƙo ya fita.

Toshewar tana da tsada. Agogon da ke ƙirga wa Arduino milisakan yana kira duk bayan milisakan 1.024, kuma kira ɗaya kaɗai ake iya ajiyewa a jira. A zirin fitila 300, kira takwas ko tara ne za su zo cikin milisakan 9, a amsa ɗaya. In ana sabunta launi sau 30 a daƙiƙa, agogon zai yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin biyar na lokacinsa. Ta'adin ya fi muni ga saƙon da ke shigowa ta siriyal. A gudun 115200, bait yana isowa duk bayan maikirosakan 87, ma'ajiyar karɓa kuwa ba ta riƙe fiye da uku. Tun ba a kai fitila ta goma ba saƙo ya fara zubewa. Mai haɗa na'ura zai ga umarninsa na canza launi yana shiga wani lokaci, wani lokaci ya ɓace, ya yi ta zargin waya alhali ba laifinta ba ne. Ga kuma ƙarancin wuri: fitila 300 na cin bait 900 daga cikin 2048.

4. Allunan da ke da sashe na musamman

ESP32 yana da sashen RMT, wanda tun asali an yi shi ne don siginar rimot. Shi ke fitar da bugun da kansa. Sai dai ma'ajiyar kowace tasharsa bugu 64 take ɗauka, wato aikin maikirosakan 80, kuma ƙwaƙwalwa ce ke sake cika ta. In Wi-Fi ya riƙe ƙwaƙwalwar ta makara, sai a ga ƙyaftawa a zirin, duk da gudunta na megahaz 240.

RP2040, wanda Raspberry Pi ya fitar a 2021, a hankali yake gudu idan aka kwatanta, amma a ra'ayin wannan nazari shi ya fi dacewa. Sashensa na PIO yana fitar da siginar da umarni huɗu kacal, DMA kuma na ɗura masa bayanai kai tsaye daga ma'ajiya, ƙwaƙwalwa ba ruwanta. Allon da ba shi da ko ɗaya yana iya aron SPI a megahaz 2.4, a rubuta 0 da 100, a rubuta 1 da 110, amma ma'ajiyar da ake bukata za ta ninka sau uku.

5. Wutar lantarki

Fitila ɗaya na iya jan miliamfiya 60 a cikakken fari, zirin 300 ke nan amfiya 18. In ta kai ɗaya ake ba shi wuta, farin ƙarshensa yakan koma ruwan ɗorawa ko ja-ja, domin shuɗi ne ke fara dusashewa idan ƙarfin wuta ya faɗi. Maganin shi ne a shigar da wuta a wurare da yawa.

Fitilar tana ɗaukar sigina a matsayin 1 ne idan ta kai kashi 70 cikin ɗari na wutar da take ci, wato bolt 3.5 a kan bolt 5. ESP32 da RP2040 kuwa 3.3 suke fitarwa. Sau da yawa yakan yi aiki a haka, amma a wajen ƙa'idar masana'anta yake, kuma 74AHCT125 guda ɗaya tsakanin allo da ziri ya isa ya ɗaga siginar.