Tsafin Jini da Matattu Masu Tashi: Daga Maƙabartun Sabiya Zuwa Wasannin Bidiyo

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama cikin masu sha'awar wasannin bidiyo ya san cewa gardamarsu ba ta ƙarewa da ƙarewar wasa. Sai ka ji ana musu a kan asalin wani jarumi: shin jinin wa ya sha har ya ƙi tsufa, ko kuwa wace la'ana ce ta hana shi kwanciya a kabari? Irin wannan hasashe shi nake so in bi diddiginsa. A ganina aiki ne tsoho ƙwarai, watau mutum ya tsinci guntuwar shaida ya gina mata labari, kuma ya girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru.

Da farko ya kamata mu bambance. Maye a wurin Bahaushe rayayyen mutum ne da ake zargi da kama kurwa, fatalwa kuwa ba ta da jiki. Abin da Turawa ke kira bamfaya gawa ce da aka yi imani tana fita daga kabari da jikinta, ta sha jinin masu rai.

Labarin ya fara shiga takardun hukuma ne bayan yarjejeniyar Passarowitz ta 1718, wadda ta karɓe arewacin Sabiya daga hannun Turkawa ta ba Ostiriya. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo, wani manomi mai suna Petar Blagojevic ya rasu, sai mutum 9 suka bi shi cikin kwana 8. Mutanen gari suka matsa wa wakilin hukuma, aka tone kabarin, aka ga gawa ba ta ruɓe ba, ga kuma jini a bakinta. Nan take suka soke ta da tsinin itace suka ƙone. A 1732 wani likitan soja, Johann Flückinger, ya rubuta rahoto kan irin wannan al'amari a ƙauyen Medveda, inda aka ɗora laifin a kan wani tsohon soja, Arnold Paole. Rahoton ya bazu a Turai, malamai suka yi ta rubuce-rubuce. Abin bai lafa ba sai a 1755, da Sarauniya Maria Theresa ta sa likitanta Gerard van Swieten ya duba maganar, ya ce camfi ne, ita kuma ta hana tone kaburbura saboda wannan zargi.

To, me mutanen nan suka gani? Ruwa dai ba ya tsami banza. Idan gawa ta fara ruɓewa, iska kan taru a cikinta ta kumbura ta, sai a ga kamar ta yi ƙiba. Iskar nan ce ke turo jan ruwa ta baki da hanci. Fata kuma kan janye, sai farce da gemu su zama kamar sun ƙara tsawo. Sanyin ƙasa yana jinkirta ruɓewa. Idonsu bai yi musu ƙarya ba, fassarar ce ta kauce. Paul Barber ya yi bayanin wannan filla-filla a littafinsa na 1988.

Daga maƙabarta sai labarin ya koma hannun marubuta. John Polidori, a 1819, ya tuɓe wa bamfaya tsummokaran ƙauye ya mai da shi basarake. Bram Stoker ya fitar da Dracula a 1897, ya aro sunan daga Vlad na Uku, sarkin Walakiya na ƙarni na 15. A littafin nan ne jini ya fito fili da fuska biyu, magani da guba, domin an yi wa wata budurwa ƙarin jini daga maza huɗu don a cece ta, amma ta mutu. A lokacin ƙarin jini caca ce da rai, tun da sai a 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini. Kafin nan ma, a 1667, Jean-Baptiste Denys ya ɗura wa wani yaro jinin ɗan rago a Faransa. Saboda haka tsoron jini da ke cikin adabin Turai yana da tushe a ɗakin likita.

Abin mamaki, Japanawa ne suka fi kowa raya wannan gado a wasannin bidiyo. Kamfanin Konami ya fitar da Castlevania a 1986, inda zuriyar Belmont ke yaƙar Dracula duk lokacin da ya farfaɗo. Amma wasan da ya buɗe ƙofar hasashe sosai shi ne Dark Souls na kamfanin FromSoftware, a 2011. Jagoran aikin, Hidetaka Miyazaki, ya taɓa bayyana cewa yana yaro yakan karanta littattafan da suka fi ƙarfinsa, inda bai gane ba sai ya cike da tunaninsa. Haka ya gina wasan. Ba a zaunar da kai a ba ka labari. Sai dai ka tsinci layi biyu a bayanin takobi, uku a bayanin zobe, ka harhaɗa da kanka.

Bari in kawo misali biyu. A wasan akwai wani mayaƙi, Solaire, mai neman rana tasa ta kansa. Akwai kuma Sarki Gwyn, wanda aka shafe sunan ɗansa na fari daga tarihi. Ganin Solaire na ɗauke da tambarin rana, yana kuma jifa da mashin walƙiya irin na gidan Gwyn, sai masu wasa da yawa suka yanke cewa shi ne ɗan. Shekara biyar ana kan haka, har Dark Souls III ya fito a 2016 da wani sarki marar suna wanda siffofin suka fi dacewa da shi, hasashen ya rushe. Na biyu, wasu sun daɗe suna cewa tambarin la'anar da ke hana mutane mutuwa aikin su Gwyn ne, don tsoron ƙarfin 'yan Adam. Ƙarin wasan da aka fitar a 2017, The Ringed City, ya ƙarfafa maganarsu.

Shi kuwa Bloodborne na 2015 kan jini aka gina shi kacokan. A birnin Yharnam wata majami'a ce ke raba jini mai warkar da kowace cuta, kuma jinin nan ne ke mai da mutane namun daji. Masu wasa sun cika shafuka suna gardama kan ma'anar wani "farin jini" da aka umurci jarumi ya nema, wasu su ce launin sama ne, wasu su ce sunan wata halitta ce mai alaƙa da wata. Ban ga laifinsu ba, amma wanda ya san labarin Denys da na Stoker zai gane cewa tambayar wasan ita ce tsohuwar tambayar nan: yaya abin da ke warkarwa zai zama shi ne ajali?

Daga ƙarshe, ina ganin mu ɗaliban adabi muna da abin koyo a nan. Manomin Kisiljevo da mai wasan Dark Souls hanya ɗaya suka bi: ga alama, ga giɓi, ga labari. Inda suka rabu shi ne, mai wasa yana kawo hujjarsa a fili, 'yan'uwansa su auna, idan sabuwar shaida ta zo a yar da tsohon zance, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Manomin kuwa bai jira ba, ya ɗauki hauya ya nufi kabarin maƙwabcinsa. Mu ma mun san yadda ake yi idan yaro ya kwanta ciwo aka ambaci sunan wata tsohuwa a unguwa. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A yi hasashe a fagen wasa iya son rai, amma inda ran mutum ko mutuncinsa ke kan sikeli, a bar hujja ta riga hukunci. Allah Ya sa mu dace.