Falcon 4.0: Jirgin Da Kamfani Ya Yar, 'Yan Sa-kai Suka Ɗauka

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni. Tarihin wata manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi nake so mu duba, domin abin da ya faru da ita ya shafi ƙungiyarmu ta matuƙan kwamfuta kai tsaye, kuma ya shafi duk wata ƙungiya da ake aiki ba albashi.

A watan Disamba 1998 kamfanin MicroProse na Amurka ya fitar da Falcon 4.0. Manhaja ce da ke zaunar da mutum a kujerar matuƙin F-16, a wani yaƙi na ƙage a zirin Koriya. Littafin koyon ta kaɗai ya kai ɗaruruwan shafuka. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne yaƙin da ke cikinta yana tafiya da kansa. Ko ka tashi ko ba ka tashi ba, tankoki na matsawa, jirage na kai hari. In ka rusa gada yau, gobe abokan gaba za su nemi wata hanya. Wani injiniya mai suna Kevin Klemmick ne ya rubuta wannan ɓangaren, kuma har yau masu wannan harka na jinjina masa.

To amma an fitar da ita cike da kura-kurai. Kamfanin ya yi ta sakin faci har zuwa na 1.08. Sai a Disamba 1999 Hasbro, wanda ya sayi MicroProse a 1998, ya rufe ofishin ya sallami ma'aikatan. A al'ada nan ne ƙarshen labari. Amma a Afrilu 2000 asalin rubutun manhajar ya ɓulla a intanet, duk mai ilmin abin ya samu damar buɗe cikinta ya yi gyara.

Nan fa aka shiga wani zamani mai daɗi da ciwon kai. Wasu suka kama gyaran makamai da na'urar hango jirage, su ne masu Realism Patch. Wasu suka kama gyaran zane da yadda jirgin ke motsi a iska. Kowa gwani ne a fanninsa, sai dai facin wannan ba ya zama da facin wancan. Mutum zai kwana yana ɗora gyara kan gyara, ya kunna ta ƙi tashi. Abokai biyu su so tashi tare, su tarar kowa da irin tasa. Ƙwarewa dai ga ta nan birjik, abin da aka rasa shi ne mai cewa wane ya yi kaza, wane ya jira.

Da abin ya ishe su, a 2001 manyan ɓangarorin suka haɗu a ƙungiya guda mai suna F4UT, suka fitar da SuperPAK, wanda ya tattara gyare-gyaren wuri ɗaya. Daga baya aka sake rabuwa: ga FreeFalcon, ga Open Falcon, ga Benchmark Sims. A gefe kuma haƙƙin mallaka na ta sauya hannu, daga Hasbro zuwa Infogrames a 2001, wanda ya koma amsa sunan Atari, daga nan zuwa Tommo a 2013. A 2005 ma an sake fitar da ita kasuwa da sunan Allied Force.

Cikin waɗannan rassa, wanda ya yi ƙarko shi ne na Benchmark Sims, wato Falcon BMS. Sun fitar da 4.32 a 2011, 4.33 a 2015, kuma ba su tsaya nan ba. FreeFalcon kuwa ta naɗe tabarmarta a 2013. In ka duba yadda 'yan BMS ke aiki za ka ga dalili. Akwai masu rubuta manhaja, akwai masu zanen jirage da ƙasa, akwai masu gwaji, akwai waɗanda aikinsu kawai rubuta littattafan koyarwa. Ba sa yin alƙawarin ranar fitar da sabon aiki, sai ya nuna. Kyauta suke bayarwa, amma da sharaɗin ka mallaki Falcon 4.0 ta asali, abin da ya rage musu rigima da masu haƙƙi. A 2023 sabon MicroProse ya sake karɓar haƙƙin Falcon, ya tarar 'yan sa-kai sun riƙe masa amana sama da shekara 20.

Wannan ɗabi'a ta rubuta komai da raba aiki ba su suka ƙirƙiro ta ba. Daga matuƙan gaske aka gaje ta, su kuma da jini suka saye ta.

Ranar 30 ga Oktoba 1935, a filin jirgi na Wright da ke jihar Ohio, sabon jirgin Boeing samfurin 299 ya tashi gwaji ya faɗo nan take. Manjo Ployer Hill da Leslie Tower suka rasa rayukansu. Da aka bincika, jirgin lafiyarsa ƙalau. An manta ne ba a cire makullin da ke riƙe fikafikan sarrafawa don kada iska ta kaɗa su a ƙasa ba. Hill kuwa gogaggen matuƙin gwaji ne. Maganin da aka samo shi ne 'yar takarda mai jerin abubuwan dubawa kafin tashi da kafin sauka. Wannan jirgin ne ya zama B-17, aka ƙera sama da 12,000 a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

Sai kuma 28 ga Disamba 1978. Jirgin fasinja na United mai lamba 173 ya yi ta shawagi kusa da birnin Portland kimanin awa guda, kyaftin ya duƙufa kan matsalar tayoyin sauka, har mai ya ƙare. Mutum 10 suka mutu. Mataimakansa sun ga man na ja baya, amma ba su faɗa da ƙarfin da zai sa ya farga ba. A 1979 hukumar NASA ta kira taro kan wannan matsala, a 1981 United ya fara horar da ma'aikatansa yadda za a raba aiki a gaban jirgi, da yadda ƙarami zai yi wa babba magana a saurare shi.

To, mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa tashi a ayari ya san hari ɗaya ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai masu kai bama-bamai, akwai masu rakiya, akwai masu kashe na'urorin kakkaɓo jirage kafin sauran su iso, ga jirgin shan mai a sama. Kowa da lokacin da zai isa wurin. In masu share hanya suka makara da minti biyu, na baya sun shiga uku. A sama mun yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma da mun sauka ƙasa, sai ka ga mutum ɗaya ne ke tsara fita, shi ke rubuta bayanin hari, shi ke kunna kwamfutar da muke haɗuwa a kanta, shi ke koyar da sababbi, shi ke bin mutane a WhatsApp yana tambayar wa zai zo. A ƙungiyarmu ma haka abin yake, kuma duk mun sani. Ranar da aka ɗauke masa wuta ko yaronsa ba lafiya, ba tashi. Bawan Allah nan yana da iyali da wurin aiki kamar kowa, kuma wallahi gajiya ba ta sallama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san wannan ciwon. Akwai ofishin da in mutum ɗaya ya tafi hutu fayil ba ya motsi, domin komai a kansa yake, ba a takarda ba. Shi ya sa aka wajabta takardar miƙa aiki.

Ga abin da nake ganin tarihin nan ya nuna mana. A fitar da jadawalin wata guda tun kafin watan ya kama, tsara fita ya zama karɓa-karɓa. Kowane aiki ya samu mai shi da mataimakinsa, kada makullin komai ya zauna a aljihu ɗaya. Bayanin hari ya fita aƙalla kwana biyu kafin tashi, a kan tsari guda da kowa zai iya cikewa: manufa, hanya, man da za a juyo da shi, tashar rediyo, da abin yi in jagora ya faɗi. A rubuta yadda ake kunna kwamfutar haɗuwa daki-daki, yadda sabon shiga zai iya bi. Bayan sauka a zauna bita ko ta minti 15 ce, a duba hoton tafiyar, jagora ya fara faɗin inda aka kuskure kafin kowa, don na ƙasa su samu bakin magana. Wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗa da wuri, ba sai an jera a titin tashi ana jiransa ba.

Wani zai ce ai wasa ne, me ya kawo wannan tsarin kamar ma'aikata? Gaskiya ne wasa ne, kuma ba wanda za a yanke wa albashi. Amma daidai wannan dalilin ne ya sa tsarin ya zama dole. Ma'aikaci in ya gaji zai daure saboda ƙarshen wata. Ɗan sa-kai in ya gaji shiru kawai zai yi, wata rana ka ga ya fita daga zaure, ya tafi da duk abin da ya sani.

'Yan ƙungiyarmu, kowa ya faɗi aikin da zai iya ɗauka a wata mai kamawa, ko da ƙarami ne. Ni na ɗauki rubuta jerin abubuwan dubawa da kula da jadawali. Sauran abokai masu ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban unguwa, ku ma ku duba wanda ya fi kowa shan wahala a cikinku, ku rage masa kaya tun bai ajiye ba. Allah Ya sa mu dace.